Wuni a duwatsun Adar, kwana a bakin tabkin Tabalak: yadda ake shirya tafiyar daga Tawa

Da an ambaci yawon duwatsu, hankalin mutumin Tawa sai ya tafi Abzin. To amma Agadas kaɗai tana da nisan kilomita wajen 400, ba tafiyar Asabar da Lahadi ba ce. Abin da kwana biyu ke iya ɗauka yana nan kusa da gida: duwatsun Adar da ke wajen Tamaske da Keita, sai tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 kan hanyar Agadas. Duwatsun ba su kai rabin tsayin dutsen Bagzan na Abzin ba, kowa ya sani, amma wanda ya hau kansu da sanyin safiya ya leƙa kwari ba zai ce ya ɓata man motarsa ba.

Abu biyu ne ke gyara wannan tafiya ko su lalata ta. Na farko, ku isa bakin tabki rana na sama. Na biyu, kada ku kafa ko turke ɗaya sai mutanen wurin sun san da ku. Sauran duk shirin kaya ne.

Masu tasowa daga Yamai su lissafa kilomita wajen 550 ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni. Sai sun kwana Tawa ranar Juma'a, kuma gara su nemi hutun Litinin, don komawa Yamai da yammacin Lahadi tuƙin dare ne, wanda ba shi da kyau a wannan hanya.

Wane lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A damina ƙoramun Adar sukan kawo ruwa ba sallama, ko da ba a yi ruwan a inda kuke ba, su yanke hanya na awoyi. Oktoba tabki ya cika yana da kyan gani, sai dai sauro ya yi yawa kuma bakin ruwa duk taɓo ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, dutse kan yi zafin da hannu ba ya taɓuwa.

Hunturu ma yana da nasa aibin, wato hazo. In kun tashi da safe kun ga rana fara fat kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido, to hawa dutse ranar wahalar banza ce, ba abin da za ku hango. Sai a juya tsarin: a fara da tabki, a bar dutse zuwa Lahadi ko ƙura ta kwanta.

Tsaro da izini

Wannan ba a yinsa da ka. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, kuma duk abin da ya yi arewa maso yamma wajen iyakar Mali ba wurin yawon shaƙatawa ba ne. Halin hanya na canjawa daga wata zuwa wata, don haka a cikin makon tafiyar ku je wurin jandarmomi a Tawa ku faɗa musu inda za ku, ku nawa ne, da lambar mota. Ku kuma tambayi direbobin tashar Abalak da na Keita, su ne ke bin hanyar kullum. In aka ce kada a kwana a daji, kada ku yi gardama: ku kwana cikin garin Tabalak, ku fita bakin ruwa da asuba. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa a cikinku, ku fara tambayar hukuma ƙa'idar rakiya kafin ku sa shi a lissafi.

Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, ba cikin jakar da ke ƙarƙashin kaya ba, takardun mota kuma su cika. Ba a ɗaukar hoton shingen jami'an tsaro. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ku bar shi gida. In kuna da tabaran hangen nesa na kallon tsuntsaye, ku nuna shi da kanku a shinge kafin a gano shi cikin jaka. A bar wa wani a gida sunan wuraren da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa.

Mota da kaya

Ƙaramar mota na iya kai ku Keita da garin Tabalak in an bi ta a hankali, amma sauka daga kwalta zuwa bakin ruwa sai mai tsayin ƙafa, kat-kat (mai ja da ƙafa huɗu) in da hali. Motoci biyu sun fi ɗaya, ko don ja in an kafe. Duka tafiyar da 'yan ratse-ratsenta za ta kai kilomita 300. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 tana bukatar lita 36, amma yashi da ramuka na ƙara mata sha, saboda haka a cika tanki a gidan mai a Tawa, a ƙara lita 10 a bido. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti, sai a bar shi don ranar lalura.

Ranar Alhamis, ba safiyar Asabar ba, makaniki ya duba ruwan lagireto, bel, birki da batir. Tayar ajiya a auna iskarta, domin sau da yawa sai an ciro ta a daji ake tarar da ita a sace. Ku ɗauki jak da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai (a kan yashi jak nutsewa yake), shebur, igiyar ja, da famfon iska.

Ruwa, ga mutum huɗu: lita 5 kowane mutum a wuni na sha da girki, kwana biyu lita 40 ke nan. Alwala da wanke kwano lita 20, na mota lita 10. Bido uku masu lita 25 sun isa. Kada a zuba shi duka a mazubi guda, in ya fashe an yi asara gaba ɗaya.

Abinci ba ya son wahala. Shinkafa kilo ɗaya da rabi, mai rabin lita, albasa, tumatirin gwangwani, gishiri da yaji, burodi, dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli da garin rogo. Ganyen shayi, sukari rabin kilo, gawayi kilo 4 da murhunsa na ƙarfe. Kifi a can za a saya. A ƙara fakitin shayi da sukari da goro daban, na gaisuwa ne.

Na kwana: tabarma ko 'yar katifa, bargo mai kauri ga kowa, hular sanyi da safa, sange mai magani, tamfol, tocila biyu aƙalla. Turakun da ke zuwa da tantin kanti gajeru ne, iskar hunturu na tumɓuke su daga yashi cikin dare. Ku je wurin mai walda ya yanka muku rodi mai milimita 8, tsawon santimita 40, guda goma, ya lanƙwashe kan kowane. A akwatin magani a sa farasitamol, bandeji, maganin wanke ciwo, gishirin zawo da hantsaki na cire ƙaya.

Asabar da safe: dutse

A watannin sanyi rana na fitowa wajen ƙarfe 7. Ku bar Tawa da zarar gari ya waye, ku kama hanyar Tamaske zuwa Keita, kimanin kilomita 70. Ita ce ke zarcewa Buza da Madawa. Ba sai kun shiga Keita ba kafin ku sami abin hawa, tun daga wajen Tamaske duwatsun ke tsaye dama da hagu, kansu a shafe kamar an yanke da wuƙa. Ku tsaya a ƙauyen da ke gindin wanda ya yi muku, ku yi sallama da dattawan da ke zaune: ina kwana Baba, ina gajiya, ina sanyi. Sai a faɗi abin da ya kawo ku, a roƙi saurayin da zai nuna hanya. A yi cinikin ladarsa tun a ƙasa. Motar kuma a bar ta a idon mutane.

Hawan ba ya da tsawo, yawanci bai kai awa guda ba, amma ku fara kafin ƙarfe 9. Ku bi sawun awaki da jakai, shi ke karkacewa ta inda ƙasa ta fi riƙe ƙafa. Wanda ya miƙe kai tsaye zai haɗu da tsakuwar marmara mai murginawa. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ba silifa ba. Kowa da lita ɗaya da rabi a hannu. Kada a sa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutsen da ba a ga bayansa ba, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙasan mai hawa, saboda dutsen da zai gangaro. Yawancin targaɗe a saukowa ake yinsa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma an ƙosa. A sauko a karkace, taki gajere.

Abin kallo a nan ya fi ƙarfin hoto da waya. Ku duba jikin gangaren yadda ƙasa ta jeru hawa-hawa: baƙar marmara a sama, ƙarƙashinta laka mai launi, sai farar ƙasa. Cikin farar nan ake tsintar kwansar dabbobin ruwa da suka zama dutse, domin teku ya taɓa rufe wannan yanki sama da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Irin wannan farar ƙasa ce ake haƙa a Malbaza a yi siminti. Yaran ƙauye sun san inda kwansar take, za su nuna muku. A duba, a ɗauki hoto, a mayar inda aka ɗauka.

Sannan ku lura da layukan duwatsu da ramukan da aka yanka a gicciye a jikin gangare, da itatuwan ƙaya da ke cikinsu. Ba haka Allah ya halicci wurin ba, aikin hannu ne. A 1984, bayan fari ya ci yankin, aka buɗe aikin raya karkarar Keita da kuɗin Italiya tare da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutane suka yi ta tara dutse da haƙa rami ana biyansu da abinci, mafi yawansu mata, don maza sun tafi cin rani. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa a ƙoramu. Daga saman dutse ake gane hikimar: kowane layi na tare ruwan sama kaɗan, ya hana shi kwasar ƙasa zuwa kwari. In kun sami tsohuwar da ta yi aikin, ku zauna ku saurare ta, ta fi kowane allo bayani. Kuma don Allah kada a taka layukan ko a ciri dutsensu don yin murhu.

Ƙarfe 1 na rana ta yi muku kuna cikin mota. Wani zai ce akwai yanke ta daji zuwa Tabalak. In ba da ɗan gari a motar ba, ku komo ta inda kuka zo ku hau hanyar Agadas. Kilomita wajen 120 ne, kuma hanyar ta sha manyan motoci, ku ba ta awa uku.

Inda za a sauka

Tabalak dogon tabki ne marar faɗi sosai, ya miƙe har wajen Kawo, kuma tun 2005 yana cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar, ta duniya kan kare dausayi, ta amince da muhimmancinsu. Amma kada kalmar daji ta ruɗe ku. Ba taƙin bakin ruwan nan da ba shi da mai shi: garakan albasa da tumatir da dankali, mashayar dabbobin Fulani da Buzaye, wurin da masunta ke ɗaure kwalekwale. Shi ya sa ake fara zuwa wurin maigari, a gaida shi ranka ya daɗe, a miƙa shayi da sukari, a ce ana son wurin kwana ɗaya nesa da hayaniya. Shi zai haɗa ku da wanda zai kai ku, kuma mafi kyau mutumin ya kwana tare da ku. Baƙon da aka san mai masaukinsa ba a yi masa kallon tuhuma. A leƙa wurin jami'an tsaron garin su ma a shaida musu.

Rana na faɗuwa tsakanin 6 da 6 da rabi. Kuna bukatar awa biyu na haske, don haka ƙarfe 4 ya kamata a ce kun tsaya.

Babban tarkon wurin shi ne lakar da ruwa ya janye ya bari. Samanta ya bushe ya tsage kamar ƙasa mai ƙarfi, ƙasanta kuwa kunu ne. Mutum zai taka ya wuce, mota ta nutse har ciki. Ƙa'idar ita ce mota ba ta taka inda babu tsohon sawun mota ko amalanke, kuma wani ya riƙa shiga gaba da sanda yana soka ƙasa. In an kafe, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin juyin taya haƙa rami yake. A yashi, a rage iskar tayu zuwa bar 1.5, a share gaban kowace taya da shebur, a fita a hankali, sannan a mayar da iska kafin a hau kwalta. A laka sai an ɗaga da jak an cusa duwatsu da rassa, ko a nemo masu shanu.

Makwanci ya zama kan tudu, taki 200 ko fiye daga ruwa. Sauro da raɓa sun fi yawa a bakin ruwan, sanyin asuba ma can yake taruwa. Ku duba ƙasa: in kun ga kashin shanu da sawun kofato sun yi layi zuwa ruwa, burtali ne, garke zai bi ta kanku kafin gari ya waye. Inuwar gawo na jan hankali tunda shi ke da ganye da rani, amma ƙarƙashinsa ƙaya ce da kaska, don nan dabbobi ke wuni. Kada a kwana cikin ƙorama ko kusa da shingen garka. Karangiya kuwa a share ta da shebur kafin a shimfiɗa tamfol, in ta shiga bargo an gama barci.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. A gicciya mota ta wannan ɓangare ta zama kariya, ƙofar tanti ta dubi kudu maso yamma, murhu kuma ya kasance ta inda iska za ta ɗauke tartsatsi daga kayan kwana. Turakun rodi a kafa su a karkace, kansu na kallon waje. Wanda ba shi da tanti ya ɗaura tamfol daga saman mota zuwa turaku biyu, ya rataya sange a ƙarƙashi, ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe.

Wani abu da ake yawan kuskurewa: alƙibla. A Disamba da Janairu rana ta karkata kudu sosai wajen fitowa, alhali alƙiblar yankin Tawa gabas ce da ɗan karkata arewa. Wanda ya bi mafitar rana kawai ya kauce da yawa. Ku tambayi ɗan rakiyarku ku ja layi a ƙasa tun da sauran haske.

Dare

A share fili taki uku kewaye da murhu har sai ƙasa ta fito. Busasshiyar ciyawar da ke kewaye da ku abincin dabbobin mutane ce har damina, gobarar daji kuma laifi ne babba. Ba a saran itace, ma'aikatan gandun daji na cin tara a kai, shi ya sa aka zo da gawayi. In an gama shayi a kashe wutar da ruwa. Rufe ta da yashi kawai ba ya kashe ta, da safe yaro ko akuya za su taka.

Komai tsananin ɗari, kada a shiga da garwashi cikin tanti ko cikin mota a rufe. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, mutum na barci ta ɗauke shi. Maganin sanyi shi ne abin da ke ƙarƙashinka: tamfol, tabarma, sannan bargo ninki biyu, domin ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. A rufe kai da ƙafa.

Ba a tafiya cikin duhu ba takalmi ba tocila, ko da fitsari za a je. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Macijin da ya fi yin ɓarna a irin wannan ƙasa kububuwa ce, ƙarama mai launin yashi. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma wanda ta sara yana iya jin sauƙi a awoyin farko kafin jini ya fara fita ta dasashi ko ta bakin ciwon. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa mota, a nufi babban asibitin Tawa. Farasitamol kawai za a ba shi, asfirin na ƙara zubar jini. Saboda irin wannan ne ake ajiye mota fuskarta na kallon hanyar fita, makulli kuma kowa ya san inda yake.

Bayan gida a yi shi nesa da ruwa, a haƙa rami kamar taƙi guda a rufe.

Lahadi

Ku tashi da sallar asuba ku zauna shiru a kan tudu. Awar farko bayan fitowar rana ita ce ta tsuntsaye: kirinjijiya garke-garke tana fito, dinya, zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, balbela na bin shanu. Cikin ƙananan masu dogon baki da ke caccakar laka, da yawa baƙi ne, daga Turai suke ƙetaro hamada su yi hunturu a nan su koma. Tufafi masu duhu da rashin motsi sun fi matsawa kusa amfani.

Lokacin ne kuma masunta ke fitowa da kamun dare, karfasa da tarwaɗa, wani lokaci giwan ruwa. Sabon kifi idonsa garau, cikin kunnensa ja, namansa in an danna ya dawo. A gasa shi nan take. Wanda za a kai gida a fede shi a sa cikin ƙanƙara, in babu ƙanƙara a sayi banda.

Shiga kwalekwale sai da sassafe, kafin iska ta tashi wajen hantsi ta tada igiyar ruwa. Mai jirgi ne ke faɗin mutum nawa zai ɗauka, ba a miƙewa tsaye a ciki, kuma yaron da bai iya ruwa ba ya zauna a tudu. Wanka kuwa a haƙura. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne gidan tsargiya: ƙwayar na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fata, ba sai an sha ba. Don kun ga yaran gari na iyo ba hujja ba ce, da yawansu na ɗauke da ita. In ruwan bido ya ƙare dole, a tace na tabki da ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka.

Kafin a tashi a tsince leda da gwangwani duka a sa a buhu a komo da su, leda ce ke kashe awakin mutane. A sallami ɗan rakiya, a koma a yi wa maigari ban kwana. Wanda ya bar Tabalak kafin azahar zai tarar da kasuwar Tawa ta Lahadi tana ci.

In an dawo, a sa a busa matatar iskar mota, ƙurar kwana biyu ta isa ta shaƙe ta. Duk wanda ya ji zazzaɓi bayan mako ɗaya zuwa biyu ya je a gwada jininsa, kada ya ce gajiyar hanya ce. Wanda kuma ya taka ruwan tabki, in ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ko da bayan wata biyu ko uku ne, ya faɗa wa likita inda ya je da ranar da ya shiga ruwan.